Dattijon da Ya Tona Asirin Kansa

'Ya'yana, samari da 'yan matan Kiyako, kun saba jin labarin mazan jiya daga bakina, na yaƙin Ningi da irin faman da kakanninmu na Birnin Kudu da Gwaram suka sha. Yau na baƙo zan ba ku. Ba Bahaushe ba ne, ba kuma Musulmi ba, don ya bar duniya shekara 140 kafin a haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sunansa Agustin. Kiristoci 'yan ɗarikar Katolika suna ƙirga shi cikin waliyyansu, kuma a fagen ilimin addininsu da wuya a sami malamin da suka fi jingina da maganarsa.

Na san wani zai ce, Baba, ina ruwanmu da shi? Bai yi mana nisa kamar yadda kuke zato ba. Ɗan Afirka ne, an haife shi ranar 13 ga Nuwamba, 354, a Tagast, garin da yau ake kira Suk Ahras a gabashin Aljeriya. Bishop ɗin Katolika na Kano, wanda Jigawa ke ƙarƙashin kulawarsa, wato John Namaza Niyiring da ke kan kujerar tun 2008, ɗan ƙungiyar limaman da ke bin tsarin Agustin ne. Haka wanda ya gada, Patrick Sheehan mutumin Ailan. Babbar makarantar horar da limaman Katolika da ke Jos sunan Agustin aka sa mata. Paparoma Leo na 14 ma, da aka zaɓa a watan Mayun 2025, ɗan wannan ƙungiya ne.

Ba aƙidarsa na zo koya muku ba. Tsakaninmu da shi akwai saɓani babba, a kan Annabi Isa, alaihis salam, da kuma cewar da ya yi wai kowane jariri da zunubin Annabi Adamu ake haihuwarsa. Wannan kowa ya san inda ya tsaya. Hali guda nake so ku duba a wurinsa, halin da na daɗe ina nema a cikin manya da yara ban cika samu ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Shi wannan mutum saukowa ya yi daga kan nasa tudun, ya zagaya shi, ya auna tsawonsa, ya rubuta ya ba duniya.

Ubansa, Fatrisiyus, mai ɗan abin hannu ne ba mai yawa ba, kuma sai dab da mutuwarsa ya shiga Kiristanci. Uwarsa Monika ce mai ibada. Da suka ga yaron yana da kai, sai suka tura shi karatu Madaura, wani gari da ke kusa. Yana ɗan shekara 16 kuɗi suka yanke, ya dawo gida ya zauna shekara guda cur, uban yana haɗa abin da zai kai shi babbar makaranta a Kartaj, kusa da inda birnin Tunis yake yanzu.

Kun san irin wannan shekara. Wasunku a cikinta kuke. An gama sakandare, an rubuta JAMB, ana jiran suna ya fito ko kuɗin rajista su haɗu. Da safe a leƙa gona in da aiki, da hantsi a zauna wurin mai cajin waya, da dare a koma teburin mai shayi har ya kwashe kofunansa. Ba wanda ya fito da niyyar ɓata. Amma zaman da ba abin yi shi yake nemo wa kansa abin yi.

A wannan shekara ce, wata rana cikin dare, Agustin da abokansa suka faɗa wa wani itacen fiya da ke kusa da gonar inabinsu, suka girgiza shi, suka kwashi 'ya'yan niƙi-niƙi. Kusan duk wanda ya tashi a karkara ya taɓa jifan mangwaron da ba nasa ba, ya girma ya manta, in ma ya tuna sai dariya. Shi kuwa, bayan ya haura shekara 40, yana bishop ana girmama shi, ya zauna ya tasa wannan dare a gaba yana yi masa tambayoyi a littafinsa na ikirari, wanda ya rubuta wajen 397 zuwa 400. Yunwa yake ji? A'a. Ba su da irinsa a gida? Suna da wanda ya fi shi kyau. Daɗi ne da shi? Ko kyan gani ba shi da shi, sun ɗan gutsura ne suka watsa wa aladu sauran. To me ya kai shi? Ya bi amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya yana zubarwa, har ya isa inda yawancinmu ba ma son isa: ya yi ne don an hana, haramcin shi ne daɗin. Sannan ya ƙara da cewa da shi kaɗai ne da bai yi ba. Abokai sun ce a je, shi kuma ya ji kunyar a gan shi mai kunya.

Ku lura, bai ce abokai ne suka ɓata shi ba ya wanke hannunsa. Mu da an kama yaro da ƙwaya, uwa za ta ce abokai ne, uwar abokin ita ma ta ce abokai ne, har a rasa wane ne abokin. Gaskiya ne zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma da ƙafarka ka je ka zauna. Agustin ya faɗi rabon abokai, ya kuma ɗauki nasa rabon bai rage ba. In dare ya yi, ɗana, ka tambayi kanka abin da ka yi yau wanda da kai kaɗai ne ba za ka yi ba. Kada ka gaya mini amsar, ba ni ke bukatarta ba.

Ya tafi Kartaj yana ɗan 17, da taimakon wani attajirin garinsu mai suna Romaniyanus. Karatu ya karɓe shi. Ya ƙware a fasahar magana, wadda a zamanin ita ce hanyar zama lauya ko babban ma'aikacin gwamnati. Can ya ajiye mace ba aure, ta haifa masa ɗa, Adeyodatus. Can kuma ya shiga addinin Mani, ya yi shekara 9 a ciki. Ku ji abin da ya ja shi, don har yau irinsa na jan masu kaifin kai. Mutanen Mani sun yi masa alkawarin ba za su ce ya yarda da komai ba sai da hujjar hankali. Suka kuma koya masa cewa in mutum ya yi saɓo ba shi ne ya yi ba, wani duhu ne da ke cikinsa. Daga baya ya ce wannan koyarwa ta yi masa daɗi ne kawai saboda ta sauke masa laifi daga ka. Mu ba mu san Mani ba, amma mun iya cewa sharrin Shaiɗan ne, ko an yi mini asiri, ko ƙaddara ce, tun kafin a gama tambayarmu.

Monika ta sha kuka a kan wannan ɗa. Da farko har hana shi cin abinci a gidanta ta yi, daga baya ta sassauta. Ta je ta matsa wa wani bishop ya yi masa magana, shi kuwa ya ƙi, ya ce yaron bai nuna ba tukuna, girman kan sabon ilimi na ɗibarsa, ta bar shi da addu'a. Iyaye mata da ke saurarena, ku ɗauki wannan.

Ga abin da ya saka mata da shi. A 383 ya yanke shawarar ƙetarawa Roma, don ɗaliban Kartaj sun dame shi da rashin ɗa'a. Uwar ta bi shi har bakin teku, ta riƙe shi gam, ta ce ko ya fasa ko su tafi tare. Sai ya ce mata ai ba tafiya zai yi ba, aboki ya rako, yana jira iska ta kaɗa jirgin ya tashi su yi sallama. Ya lallashe ta ta kwana a wani ɗan ɗakin ibada da ke nan kusa da gaɓa. Cikin dare ya sulale ya shiga jirgi. Gari ya waye, tsohuwa ta fito, ba ɗa ba jirgi.

Wa ya san wannan in ban da shi da ita? Ta rasu shekara 10 kafin ya ɗauki alƙalami. Da ya so, da ya rubuta cewa ta sa masa albarka ya tafi, ba mai ƙaryata shi. Amma ya rubuta cewa ƙarya ya yi wa uwarsa, ya kuma kira ta ƙarya. Ku da kuke hawa mota zuwa Kano ko Abuja ko Legas ci-rani, kun fi ni sanin abin da kuke faɗa wa iyayenku a waya, da abin da ke nan a zahiri.

Roma ba ta yi masa yadda ya so ba. Ɗaliban can ba sa hayaniya, amma in lokacin biyan kuɗi ya zo sai su gudu wurin wani malami. A 384 ya sami babban matsayi a Milan, inda fadar sarkin Rum take a lokacin. Ɗan ƙauye daga Afirka, yana ɗan shekara 30, ya zama mai tsara jawabin yabon sarki. Ya ce wata rana yana kan hanya, cikinsa na ƙugi don fargabar jawabin da zai yi, jawabin da shi ya san ƙarya ce fal a ciki, masu tafa masa ma sun sani, sai ya ga wani mabaraci ya bugu yana ta raha a bakin titi. Ya juya ya ce wa abokansa wannan bawan Allah ya riga su samun abin da suke ta wahalar nema, da 'yan kuɗin da ya roƙa. Duk mai sha'awar zama ɗan koren ɗan siyasa, ko mai yi masa kirari a Facebook a kan kuɗin data, ya tsaya ya yi nazarin wannan.

Akwai wani wuri a tarihinsa da ba zan yi masa ado ba. Monika ta biyo shi Milan, ta nema masa auren 'yar manyan mutane da zai dace da matsayinsa. Sharaɗin shi ne a sallami uwar ɗansa, wadda suka yi kusan shekara 15 tare. Aka mayar da ita Afirka, aka riƙe yaron, ta tafi tana alwashin ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Ita yarinyar da aka yi masa baiko da ita saura shekara 2 ta isa aure, sai ya kasa jira ya ɗauko wata. Ya rubuta cewa matar nan da aka kora ta fi shi ƙarfin hali, kuma zuciyarsa ta daɗe tana zubar da jini. Na yarda ya ji ciwo. Amma ita aka zalunta, kuma ko sunanta tarihi bai riƙe ba. 'Yan matana, ku ji da kyau: namijin da ya ajiye ki ba da igiyar aure ba, ranar da lissafinsa ya canza ke ce za ki hau mota ke kaɗai, ko da kuwa shi ɗin wata rana waliyyi za a kira shi.

A Milan ya riƙa zuwa sauraron wa'azin bishop ɗin garin, Amburos. Da farko salon maganar ya je ɗauka, irin na mai sana'a, sai ma'anar ta bi salon ta shige shi. Hujjojinsa suka ƙare, amma bai motsa ba. Ya tuna cewa tun yana saurayi yakan roƙi Allah kamun kai, sannan a ƙasan zuciyarsa ya so kada a yi saurin amsawa. Ban taɓa jin wanda ya fallasa mai jinkirin tuba irin haka ba. Kowa a cikinmu yana da abin da ya ce zai bari in ya yi aure, ko bayan Sallah, ko in ya dawo daga Hajji.

Masu karatun zaure za su tuna da Imamu Gazali, wanda ya yi wata 6 yana kai gwauro yana kai mari kafin ya bar kujerarsa ta koyarwa a Bagadaza a 1095, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. Shi ma Agustin ciwon ƙirji ya kama shi a lokacin nasa jinkirin. A bazarar 386, a wani lambu, yana kuka a gindin ɓaure, ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita wata 'yar waƙa mai cewa a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya faɗa kan wurin da ke hani ga shaye-shaye da fasiƙanci da husuma. Ya ajiye aikin, ya fasa auren. Amburos ya yi masa baftisma a daren Ista na 387, tare da ɗansa. A wannan shekara Monika ta rasu a Ostiya, tashar jiragen ruwan Roma, suna kan hanyar gida, tana da shekara 56. Yaron ma bai daɗe ba ya bi ta.

Da labarin ya ƙare a nan, da ban dame ku da shi ba. Tubabbu suna da yawa, kuma sau da yawa wanda ya tuba jiya shi ne ya fi kowa zafin baki a kan masu laifi yau. Abin da ya sa nake ganin girman Agustin shi ne bai daina binciken kansa ba bayan ya zama babba, lokacin da ba mai iya ce masa kul.

Ya koma Tagast a 388, ya rabar da gadonsa, yana so ya zauna shi da littattafai. A 391 ya je Hippo, garin bakin teku da yau ake kira Annaba, jama'ar coci suka kama shi suka tura shi gaba aka naɗa shi limami yana hawaye. Bayan 'yan shekaru ya zama bishop, ya riƙe garin kusan shekara 35. Yakan wuni yana raba rigimar gado da ta bashi, wani lokaci har abinci ya wuce shi. Ya sa an narkar da kayan coci masu daraja don fansar waɗanda aka kama. A wata wasiƙarsa ya ba da labarin fataken bayi masu kai hari ƙauyuka da dare suna kwashe mata da yara, da yadda mutanen cocinsa suka kuɓutar da kusan mutum 120 daga hannunsu. Duk wanda ke jin labaran garkuwa da mutane a rediyo ba sai an fassara masa wannan ba.

Almajirinsa Fosidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce a jikin teburin cin abincinsa akwai rubutu mai gargaɗin cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri a wannan tebur. Wata rana wasu bishop-bishop abokansa suka manta suka shiga gulma, ya ce musu ko dai a goge rubutun, ko shi ya tashi ya bar musu abincin. Da za a kafa irin wannan a majalisunmu, ban san mutum nawa za su rage a kan benci ba. Wataƙila gado ya yi, don ya ce uwarsa in mata biyu masu gaba suka kawo mata maganar juna, ba ta isar da komai sai abin da zai shirya su.

Ya yi kurakurai yana bishop. Akwai wani ɓangaren Kiristocin Afirka, mabiya Donatus, da suka ware. Da farko ya ce ba a tilasta wa kowa, daga baya ya goyi bayan hukuma ta matsa musu, kuma waɗanda suka zo bayansa sun fake da wannan fatawa sun cuci mutane da yawa. Ni a ganina ra'ayinsa na farko ne daidai. Amma ko a nan bai ɓoye cewa ya sauya ba, ya rubuta yadda yake da yadda ya koma. Sai kuma maganar wani gari, Fusala. Wanda ya shirya naɗawa bishop a can ya janye a ranar naɗi, shi kuma cikin gaggawa ya miƙa wani matashi da ya taso a hannunsa, Antoninus. Yaron ya je ya riƙa ƙwace dukiyar talakawa. Da ƙara ta kai Roma, Agustin ya rubuta wa Paparoma Selestin cewa gaggawarsa da rashin lurarsa ne suka jawo wa mutanen nan wannan masifa, har yana tunanin ajiye muƙaminsa. Ku nemo mini shugaba guda da ya ɗora yaronsa a kan mutane, yaron ya cuce su, sannan ya fito ya ce laifina ne.

Wata rana wasunku za su zama hakimai, ko shugabannin makaranta, ko limamai, ko dai iyayen gida. A lokacin ne amsa kuskure yake tsada, don za a ce girma zai zube. Wanda bai saba ba tun yana saurayi, a kan ƙaramin abu irin canjin da bai mayar ba ko maganar da ya ƙara wa gishiri, ba zai fara da furfura ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Bayan wani sarkin yaƙi mai suna Alarik ya washe birnin Roma a 410, mutane suka ce barin gumakan kakanni ne ya jawo. Agustin ya mayar da martani da littafin Birnin Allah, kashi 22, wanda ya ci masa daga 413 zuwa 426. Yana gamawa, yana ɗan shekara 72, sunansa ya cika duniyar Rum, sai ya ɗauko wani aiki da ba wanda ya sa shi. Ya sa aka jero masa littattafansa 93 bisa tsarin yadda ya rubuta su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda ya yi kuskure, da inda ya zaƙe, da inda ya fassara aya ba daidai ba. Cikin abin da ya janye har da yabon da ya yi wa Aflatun da mabiyansa, ya ce ya wuce kima. Ya yi nufin mai karatu ya ga yadda ya riƙa sauyawa yana rubutu, kada wani ya bi shi a inda ya kauce.

Niyyarsa in ya gama da littattafan ya shiga wasiƙunsa da wa'azozinsa. Bai samu ba. A 429 mayaƙan Bandal ƙarƙashin sarkinsu Gensarik suka ƙetaro daga Sifen, a 430 suka kewaye Hippo, garin ya cika da 'yan gudun hijira. A wata na 3 na ƙawanyar zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta masa surorin tuba na Zabura aka manna a bango inda zai riƙa gani daga kwance, ya roƙi kada a shigo masa sai in likita ya zo ko an kawo abinci. Haka ya yi kwana 10. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Fosidiyus ya ce bai bar wasiyyar dukiya ba don ba shi da abin bari, umarninsa kawai a kula da ɗakin littattafan coci saboda na baya. Littattafan sun tsira daga yaƙin. Wasiƙun da wa'azozin kuwa haka suka iso hannun mutane, bai kai ga bin su da gyara ba.